Mai Lambu a Zauren Manya

Littafin bai fi kaurin yatsa ba. Abin da ya fara ja na gare shi ke nan, ranar da na tsinto shi cikin tsofaffin littattafai da wani bawan Allah ya baza a bakin titi. Na auna shi a hannu, na ga abu ne da za a gama tsakanin la'asar da isha'i. Haka kuwa aka yi. Na cinye shi a zama ɗaya, na yi 'yar dariyata, na jefa shi cikin kabad. Ashe ya riga ya maƙale mini. Yau bangonsa ya tsufa har na liƙe shi da gam, kuma ba na kunna talabijin in ga an zaunar da wani ana kiransa masani, yana zuba zance mai daɗin ji wanda ba kai ba gindi, face Chance mai lambu ya faɗo mini a rai.

Sunan littafin Being There, marubucinsa Jerzy Kosinski, an buga shi a Amurka a 1971. In za a ba sunan ma'ana da Hausa sai a ce kasancewa a wurin, kuma ya dace da abin da ke ciki, domin jarumin labarin bai yi wata bajinta ba daga farko har ƙarshe. Yana wurin ne kawai, sanye da kwat mai tsada, a daidai lokacin da manyan ƙasa ke neman wanda zai faɗa musu abin da suke son ji.

Chance maraya ne. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, mahaifinsa kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa ko wane ne. Wani attajiri a birnin New York, wanda littafin bai taɓa ambatar sunansa ba sai dai a ce Tsoho, shi ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa. Sunan ma da aka raɗa masa, ma'anarsa dace ko katari. Tun yana ƙarami aka ga kansa ba ya ɗaukar karatu, sai Tsoho ya yanka masa iyaka: aikinsa kula da lambun gidan, ɗakinsa na jikin lambun, abinci za a riƙa kawo masa, ƙafarsa kuma kada ta taka titi. In ya saɓa, gidan mahaukata za a kai shi. Haka ya girma a bayan katanga har ya zama cikakken mutum, kyakkyawa, mai natsuwa, bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, ba a taɓa biyansa ko sisi ba. Abu biyu ya sani a duniya, shuka da talabijin. Ya ja tiyo ya ba itatuwa da furanni ruwa, in ya gama ya koma ɗaki ya yi ta juya tashoshi. Ana nan sai Tsoho ya mutu.

Wurin da lauya ya zo ƙididdige dukiyar mamacin shi ne na fi komawa gare shi, kuma ina ganin ko shi kaɗai Kosinski ya rubuta ya ci ladan aikinsa. Lauyan, Thomas Franklin, ya buɗe kundin gidan, inda aka rubuta duk wanda aka taɓa ɗauka aiki da abin da aka biya shi, ya duba sama da ƙasa bai ga mai lambu ba. Sai ya shiga tambaya cikin ladabi, ladabin nan na masu ofis da ke sa jikin mutum ya yi sanyi. Takardar haihuwa? Babu. Lasisin tuƙi, littafin banki, takardar asibiti? Babu ko ɗaya. Chance ya rasa gane me ake nema, tunda ga shi tsaye a gabansu da ransa da lafiyarsa. Duk wanda ya taɓa wuni a layi yana neman takardar da za ta shaida cewa shi ne shi, zai yi dariya a nan, dariyar da ke fita da ɗan ɗaci. Daga ƙarshe aka miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ba ya bin gidan komai. Dubi abin da ya yi. Ya tuna a talabijin mutane kan ɗau ɗan lokaci suna duban takarda kafin su yi magana, sai ya ƙura mata ido gwargwadon wannan lokacin, sannan ya ce ba zai iya sa hannu ba. Gaskiya ya faɗa, domin ko baƙi ɗaya bai sani ba. Lauya kuwa ya ɗauka taurin kai ne na mai shirin neman haƙƙi. Wannan shi ne rashin fahimta na farko a littafin, duk sauran 'ya'yansa ne.

Aka ba shi wa'adi ya bar gidan. Ya cika akwati da tufafin Tsoho, ɗinkin da, masu tsada, waɗanda suka zauna masa cif kamar don shi aka yi, ya buɗe ƙofa ya fita. Titi, motoci, mutane, ba wanda ya ba shi tsoro, duk ya riga ya gan su a akwatin talabijin. Bai yi nisa ba wata doguwar mota ta yi baya ta matse masa ƙafa. Matar da ke ciki, Elizabeth Eve Rand, wadda kowa ke kira EE, ta ce a wuce da shi gidansu, tunda akwai likita a can da ke jinyar mijinta. A hanya ta tambayi sunansa, ya ce shi ne Chance mai lambu. Kalmar mai lambu a Turanci ta yi kama da wani sanannen sunan dangi, ga shi kunnen matar attajiri bai saba jin mai irin wannan kwat ya kira kansa ɗan aiki ba, sai ta ji Chauncey Gardiner. Bai gyara mata ba. Ya ɗauka haka ake yi a waje, in an sake maka suna sai ka amsa.

Mijin, Benjamin Rand, tsoho ne da ciwo ya ci ƙarfinsa, shugaban wani babban kamfanin hada-hadar kuɗi, aminin shugaban ƙasa. Suna kan abinci ya tambayi baƙon sana'arsa. Chance ya ce shi dai burinsa ya samu lambun da zai yi aiki a ciki, kuma irin wannan wuri ya yi wuya yanzu. A kunnen Rand, wannan ɗan kasuwa ne da zamani ya durƙusar, yana kwatanta kasuwanci da noma cikin hikima. Da shugaban ƙasa ya kawo wa Rand ziyara, aka gabatar masa da Gardiner, hira ta gangaro kan tattalin arzikin da ya cije, sai shugaban ya juya ya nemi ra'ayinsa. Chance bai fahimci ko kalma ɗaya cikin abin da suke faɗa ba, ya ma zaci zaurance suke yi don kada a ji sirrinsu. Sai ya kama abin da ya sani. Ya yi musu bayanin cewa shuka da lokacinta take tafiya, akwai na toho akwai na zubar ganye, kuma in saiwa ba ta taɓu ba, sanyi na wucewa komai zai farfaɗo. Shugaban ƙasa ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ɗauki maganar ya sa a jawabinsa ga manyan masu kuɗi, har da ambaton sunan mai ita. Kafin mako ya zagayo, mutumin da ranar Lahadi yake jan tiyo ya zama wanda jaridu ke farauta, jakadu ke rububin gaisawa da shi.

Abin da ya sa barkwancin nan ya zauna da gindinsa shi ne Kosinski ya hana jaruminsa ƙarya. Na taɓa bin littafin da gangan ina neman inda Chance ya yi da'awar abin da ba shi ba ne, ban samu abin kamawa ba. Da ya yi wayo ko sau ɗaya, da labarin ya koma na ɗan damfara, irin wanda muka ji har mun gaji. Shi in ya ce lambu, lambu yake nufi. Masu saurarensa ne ke ɗaukar maganar su kai ta inda ba ta nufa ba, kowa ya cusa mata abin da ke cikinsa. Attajiri ya ji kukan 'yan kasuwa, shugaban ƙasa ya ji uzurin da zai ba talakawa su ƙara haƙuri. A nan nake ganin Bahaushe zai fi Ba'amurke jin daɗin littafin ta wata fuska. Mu mutane ne da muka tashi cikin karin magana da habaici da zance mai harshen damo. In dattijo ya dubi sama a tsakiyar shawara ya ce hadari ya haɗo, ba mai tashi ya kwashe shanya, kowa lissafin wa ake nufi zai shiga. Tarbiyya ce mai kyau, amma da rami a cikinta: ranar da dattijon ke nufin hadarin gaske, shanya za ta jiƙe muna zaune muna jinjina kai. Cikin wannan rami mutanen Kosinski suka faɗa, da kwat ɗinsu da digirinsu.

Marubucin kuma ya san yadda ake juya zare ɗaya ya ba da launi iri-iri. 'Yan jarida suka tare Chance suna tambayar wace jarida yake karantawa, ya ce shi ba ya karanta jarida, talabijin yake kallo, aka yi ta yaba masa cewa an daɗe ba a ga babban mutum mai faɗin gaskiya haka ba. Wani mai kamfanin buga littattafai ya yi masa tayin kuɗi masu kauri ya rubuta littafi. Chance ya ce bai iya rubutu ba. Mutumin ko a jikinsa, a ganinsa ai ba wanda ya iya a wannan zamani, za a samo masu rubuta masa. Chance ya ƙara da cewa ko karatu bai iya ba, aka fassara masa ita da rashin lokaci irin na manya. Na tabbata da murmushin mugunta Kosinski ya rubuta wannan shafi, don gidansu yake jifa. Wanda ya fi kashe ni da dariya dai shi ne jakadan Tarayyar Sobiyet, Skrapinov, a wata liyafa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya matso ya yi wa Chance zancen diflomasiyya, cewa su da su ba wata tazara a tsakani. Chance ya duba, ya ga lalle kujerun da suke kai sun kusa gogar juna, ya faɗi hakan. Jakada ya yi ta washe baki, ya samu gwanin da ke mayar da habaici da habaici. Daga nan ya jawo masa tatsuniyoyin Krylov, ya karanto wani yanki da Rashanci. Chance, da bai saba a yi masa magana da baƙon harshe ba, ya yi dariya. Shi ke nan, ya zama mai jin Rashanci, masanin adabinsu, mai ɓoye iliminsa saboda zurfin ciki.

Mun saba da labarin baƙauye ya shigo birni, a hira da wasan kwaikwayo da finafinai, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha sa mu dariya da irinsa. Amma baƙauyenmu yana da kwaɗayi, yana da tsoro, yana da ɗan wayonsa na kare kai, kuma a kansa dariyar ke sauka, ko da daga baya zai rama. Chance ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba ya neman kuɗi, ba ya neman muƙami, bai ma san ana ba shi ba. Sai dariyar ta rasa wurin zama a jikinsa, ta zame ta faɗa kan na kusa da shi. Ko Candide na Voltaire, wanda ya fito a 1759 kuma ake ganinsa kakan irin waɗannan labarai a Turai, yawo ya sha a duniya, ya ga bala'i kala-kala, sannan ya ƙare a lambu. Kosinski ya juya tafiyar. Nasa daga lambu ya fito, duniya ba ta koya masa komai ba, ita ce ma ta zauna gabansa da allo.

Salon rubutun ma abin tsayawa ne. Jimlolin gajeru ne, a shimfiɗe, ba ado ba kumbura. Marubucin ba ya tsoma baki ya ce ga wawa ga mai hankali, ba ya zungurar mai karatu ya ce a nan ake dariya. Da farko na ɗauka ƙarancin harshe ne, tunda ba da Turanci ya buɗe baki ba. Daga baya na gane rigar ta dace da mai ita. Haka Chance ke ganin duniya, hoto bayan hoto, ba jiya ba gobe, in wannan ya gundure ka ka juya tasha. Akwai kuma wata dabara da nake sha'awa ƙwarai. Duk lokacin da ya shiga halin da bai san yadda ake yi ba, sai ya lalubo wani da ya gani a talabijin ya ari tafiyarsa, daga yadda ake zama a teburin attajirai har yadda ake gaisawa da babban mutum ido cikin ido. Ya kuma lura mutane na jin daɗi in ka maimaita musu wani yanki na maganarsu, sai ya riƙa yi wa EE haka, ita kuwa ta ga ba ta taɓa haɗuwa da namiji mai fahimta irinsa ba. Abin da ake kira iya zama da manya, ashe rabinsa kwaikwayo ne da aku ma zai iya, kuma wanda ya shekara da shekaru gaban talabijin ya fi kowa haddace shi. Shi ya sa ranar da aka gayyace shi hira a wani shirin dare da miliyoyi ke kallo, bai ji ɗar ba. Gida ya koma.

Sai kuma takardun nan suka dawo. Fadar shugaban ƙasa ta sa a binciko mata tarihin Gardiner, jami'an leƙen asirin Sobiyet su ma suka baza komarsu. Duka suka dawo hannu rabbana. Ba makarantar da ya yi, ba bankin da ya san shi, ba sawunsa a ko'ina. Ba kuma wanda ya kawo a ransa cewa babu ɗin ita ce gaskiya. Sai aka ɗauka mutumin ya kai wani matsayi na sirri da ba a isa a leƙa ba, 'yan Sobiyet har laƙabi suka yi masa mai nufin farar takarda da ba a rubuta komai a kanta ba. A babin ƙarshe wasu masu faɗa a ji sun taru a ɗaki suna neman wanda za a tsayar mataimakin shugaban ƙasa. Duk wanda aka duba a baya, tarihinsa ne ya zame masa ƙaya. Sai wani ya kawo Gardiner, hujjarsa kuwa ita ce ba shi da tarihi, ba abin da abokan hamayya za su tono. Rashin takardar da ya sa aka kore shi daga ɗaki ɗaya a farkon mako, shi ya buɗe masa ƙofar fada a ƙarshensa. Mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. Ginin labarin a nan ya burge ni: ƙusa ɗaya aka kafa tun farko, aka rataye littafin duka a kanta.

Ba daga sama Kosinski ya tsinko wannan tsoro ba. Lokacin da yake rubutu, fiye da gida tara cikin goma a Amurka na da talabijin, kuma tun muhawarar Kennedy da Nixon ta 1960, wadda aka nuna kai tsaye, 'yan siyasar ƙasar suka gane fuska da natsuwa gaban kyamara na iya rinjayar hujja. Farashi na hawa, rashin aiki na ƙaruwa, yaƙin Biyetnam na ci, mutane na ƙishin wanda zai ce musu sanyi zai wuce. Shi kansa marubucin ya san zama da sunan aro. An haife shi a Lodz ta ƙasar Polan a 1933, iyayensa Yahudawa, kuma da sunan Kosinski, wanda ba shi ne nasu na asali ba, iyalin suka tsira daga 'yan Nazi. Ya isa Amurka a 1957. A 1962 ya auri Mary Weir, wadda mijinta, hamshaƙin mai masana'antar ƙarfe, ya mutu ya bar wa dukiya, sai ga baƙo a irin gidajen da Chance ya faɗa. Daga baya ya zama wanda ake yawan gayyata hira a talabijin. Mai zagin akwatin ya san cikinsa.

To, ƙauna ba ta hana ganin aibi. Dabara ɗaya gare littafin, kuma ko da yake an juya ta da gwaninta, tafiya ba ta wuce rabi da yawa ba mai karatu ya riga ya san yadda kowace haɗuwa za ta ƙare: Chance zai faɗi abu a fili, wani ya ji abu a ɓoye. Gajartarsa ce ta cece shi. Da an ƙara shafi hamsin da igiyar ta tsinke. Wautar kuma ta yi wa manyan nan yawa. Ko cikin fadawa goma akan samu ɗaya mai shakka, ko don hassada, amma a nan kowa ya sha ba mai ko tari. Na yarda tatsuniya ce, ba a kuma tambayar tatsuniya me ya sa kura ke magana. Duk da haka, da an bar mutum ɗaya mai ido ya gane gaskiya sannan ya ja bakinsa ya yi shiru, da zambon ya fi ciwo. Lauya Franklin ne ya kusa. Ya ga Gardiner a talabijin, fuskar ta yi masa kama da wadda ya sani, ya kasa tuna inda ya gan ta. Dama ce aka taɓa aka saki.

Inda na fi jin nauyi shi ne wajen EE. Matashiya ce da ke auren tsoho mai jinya, kaɗaici ya dame ta, kuma da an ba ta sarari da ta fito mutum sosai. Sai marubucin ya mayar da ita abin gwada barkwancinsa. Ta kamu da son Chance, shi kuwa talabijin ba ta taɓa nuna masa abin da ke biyo bayan an rufe ƙofa ba. Akwai wasu shafuka na sha'anin ɗaki, da ita da kuma wani mutum a wajen liyafa, waɗanda ba zan bayyana ba, mai karatu dai ya san da su kafin ya miƙa littafin ga ƙaninsa. Na gane abin da ake son nunawa, cewa wanda ya tashi a kan kallo ba ya iya komai sai kallo. Amma a nan dariyar ta yi sanyi ta koma cin fuska, kuma wadda aka ci wa fuskar ita ce ta fi kowa nufin Chance da alheri.

Akwai kuma wata ƙura da ba a iya kauce mata. Masu karatu a Polan sun daɗe suna cewa labarin ya yi kama da wani sanannen littafinsu na 1932, wanda Tadeusz Dolega-Mostowicz ya rubuta kan wani Nikodem Dyzma, ƙaramin ma'aikaci da ya rasa aiki, ya tsinci katin gayyata zuwa liyafar manya, ya shiga, daga nan ya yi ta hawa har aka yi masa tayin firaminista. A 1982 kuma jaridar Village Voice ta New York ta buga dogon rahoto tana zargin Kosinski da dogaro da mataimaka wajen rubuta littattafansa. Ya musanta, amma sunansa bai wanku sarai ba har ya kashe kansa a 1991. Kamannin suna nan, ba musu. Sai dai a nawa ganin, ko da ƙashin ɗaya ne, naman dabam. Dyzma Gizo ne, tantiri mai wayo da rashin kunya, ya san bai cancanta ba, kuma ba abin da ba zai yi ba don kada asirinsa ya tonu. Chance ba shi da asirin da zai tonu. Ya faɗa musu shi mai lambu ne, ya faɗa musu bai iya karatu ba, su suka ƙi ji. Da dai Kosinski ya ambaci bashin da ke kansa, da ya fi masa mutunci, ba kuma abin da zai rage masa.

Mutane da yawa ta fim suka san Chance. Hal Ashby ya shirya shi a 1979, Peter Sellers ya fito a matsayin mai lambun bayan ya shafe shekaru yana bin Kosinski ya yarje masa, Shirley MacLaine ta zama matar Rand, Melvyn Douglas kuma ya ci kyautar Oscar a matsayin Rand, tsohon attajirin. Sellers ya rasu a 1980, shekarar da Amurkawa suka zaɓi tsohon ɗan wasan fim Ronald Reagan shugaban ƙasa. Fim ɗin ya mayar da labarin birnin Washington, ya kuma toshe wasu ƙofofin da na lissafa. Ya ba likitan Rand idon gane gaskiya da bakin yin shiru. Ya zaunar da Louise, baƙar fatar da ta yi aikatau a gidan Tsoho ta san Chance tun yana yaro, tana kallonsa a talabijin tana faɗin abin da littafin ya tsallake, cewa a ƙasarsu in dai fatarka fara ce, ko kanka fanko ne hanya a buɗe take. Wannan ɗan wuri ya fi shafuka da yawa nauyi, kuma har yau ina jin haushin babu shi a littafin.

Amma wajen rufe labari, littafin nake bi. Fim ya ƙare da Chance yana tafiya a kan ruwan tafki, yana tsoma lemarsa ya auna zurfin. An yi ta gardama kan wannan hoto. Ni dai gani nake an naɗa wa mutumin rawanin waliyyi da bai nema ba, wato mai fim ma ya faɗa ramin da Rand da Skrapinov suka faɗa. Kosinski bai yi haka ba. A nasa, ana can ana ƙulla makomar ƙasa da sunan Gardiner, shi kuwa yana tsakiyar wata liyafa, hayaniya da walƙiyar kyamarori sun ishe shi. Sai ya ratsa taron, ya tura ƙofa, ya fita cikin lambu. Ba a gaya mana ko an tsayar da shi takarar ba. Dare ne, ga wata a sama, ga ganye a gabansa, kuma ba kowa a wurin da zai tambaye shi ra'ayinsa.